Littafin Hausa Da Kwaɗo: Daga Shagon Haya Zuwa Waya

Kukanmu kullum ɗaya ne: mutum guda ya sayi littafi ta WhatsApp, kafin gari ya waye littafin ya zaga wayoyi kyauta. Sai a ce mafita ita ce manhajar da ke garƙama wa littafi kwaɗo, ba kwafa, ba turawa. Kafin mu yarda, mu ɗan waiwayi baya.

Rubutu a ƙasar nan bai taso da kwaɗo ba. Littattafan Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahin Gwandu da hannu almajirai suka yi ta kwafarsu, har suka cika zaurukan malamai, ciki har da namu na ƙasar Tambuwal.

Zamanin Adabin Kasuwar Kano ma haka. Lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, masu karatu da yawa ba saye suke yi ba, haya suke karɓa. Kwafi ɗaya ya shiga gida ashirin, bango ya yage, a liƙe, a sake bayarwa. Ko kwabo marubuci ba ya gani a kuɗin hayar nan, kuma wannan cuta ce, ba na musu. Amma a ganina ita ce ta kai sunayen su Balaraba Ramat Yakubu garuruwa irin Dogon Daji, inda babu kantin littafi.

Kwaɗon fa? A 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk abin da aka saya ya daina buɗuwa, sai kuɗi aka mayar. Mu ma mun ɗanɗana: OkadaBooks, da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, inda marubutanmu da dama suka baje hajarsu, ya rufe a ƙarshen 2023. Littafin da ba ya fita daga manhaja, ransa yana hannun mai manhajar.

Kamfanin Tor na Amurka kuwa cire kwaɗon ya yi daga littattafansa a 2012. Bayan shekara guda reshensa na Ingila ya ce bai ga satar ta ƙaru ba.