Libarba da Tsofaffin Bindigogi a Ƙasar Gombe: Shaidar Ƙarfe da Shaidar Harshe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin shigowar ƙaramar bindigar nan da ake kira libarba cikin ƙasar Gombe, da kuma nuna hanyoyin da za a bi a tantance shekarunta idan an ci karo da ita cikin kayan gado, a Pantami ko wata unguwa ta birnin. Hujjar da za a kafa ita ce, shaidar da ke jikin ƙarfen da wadda ke cikin harshe bakinsu ɗaya: libarba baƙuwa ce da ta zo tare da Turawan mulkin mallaka, ba ta cikin makaman jihadi.

2.0 Bindiga Kafin Zuwan Turawa

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya riƙe 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kuma tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743). Duk da haka, lokacin da Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, ƙarfin yaƙi yana ga doki da kwari da baka da mashi da takobi. Bindigar wancan zamani adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, sai an sake ɗuri bayan kowane harbi. Ba a ga bindigogi da yawa a hannun runduna guda a nan kusa ba sai da Rabe ya ci Borno a 1893.

Harshe ma ya adana wannan tarihi. Kalmomin bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci, wato bunduƙiyya da al-barud da ar-rasas, wanda ma'anarsa ta asali ita ce darma. Wannan yana nuni da cewa Hausawa sun san makamin ta hanyar arewa da gabas tun kafin su haɗu da Ingilishi.

3.0 Zuwan Libarba

Ba haka lamarin yake ga libarba ba. Larabawa suna kiran ta musaddas, wato mai shida, amma Hausa ba ta ari wannan suna ba. Daga kalmar Ingilishi revolver aka samo libarba, bayan sauye-sauye guda biyu fitattu: sautin /v/, wanda babu shi a Hausa, ya koma /b/, sannan /r/ da /l/ suka yi musayar gurbi. Ke nan daga bakin Turawa da sojojinsu aka fara jin sunan.

Samuel Colt ne ya yi rajistar ƙirar libarba a Amurka a 1836, rundunar sojan Ingila kuwa ta karɓi ƙirar kamfanin Webley na Birmingham a 1887. Shekara uku bayan haka, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani ga mutanen wannan sashe na Afirka, saboda haka libarba ta zama makamin hafsa Bature.

A Bormi ne ƙasar Gombe ta ga waɗannan makamai ido da ido. Malam Jibril Gaini ya yi ƙarfi a garin har ya kashe Sarkin Gombe Zailani a 1888, kafin Kanar Morland ya kama shi a 1902. Bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas har ya iso Bormi. Mutanen garin sun kori Turawa a karon farko cikin watan Mayu, amma ranar 27 ga Yuli 1903 aka ci garin, Attahiru ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa. Abin lura a nan shi ne, kwamandan Turawan, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ce ta yi ajalinsa.

4.0 Hanyoyin Tantancewa

Sai a 1919 aka mayar da hedkwatar masarautar Gombe zuwa Doma, inda birnin yake yanzu, bayan ta zauna a Gombe Abba da Nafada. Don haka tsohuwar bindigar da aka samu a Pantami, idan ta girmi wannan shekara, da ƙaura ta zo, kuma tilas a bi sawun gidan da ya kawo ta. Bayan an ji ruwayar baka, sai a auna ta da abubuwa uku.

Na farko, ƙira. Libarbar Webley tana karyewa ne ta sama, tana cin harsashi shida. Samfuri na huɗu, na 1899, yana da gajeren baki mai inci huɗu da mariƙi mai lanƙwasa kamar kan tsuntsu. Na shida yana da baki mai inci shida da mariƙi mai kusurwa, kuma sai a 1915 ya fito. Duk wadda ta kasance ta shida, to, ba ta halarci Bormi ba, kome ƙarfin labarin da aka gada game da ita. Na biyu, hatimi: alamar kan kibiya tana nuna kayan gwamnatin Ingila ne, akwai kuma tambarin gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813. Na uku, sunan da masu ita suke kiran ta da shi. Adaka da harba-ka-ruga, wadda maƙeran gida suke ƙerawa, kowace da zamaninta da masu riƙe ta, kuma bai kamata mai nazari ya haɗa su da libarba a ƙarƙashin kalmar bindiga kawai ba.

Gwada harbi kuwa ba hanyar tantancewa ba ce. Samfuran farko don baƙin albarushi aka ƙera su, ƙarfen da ya haura shekara ɗari yana tsatsa kuma yana iya tarwatsewa a hannu. Bayan haka, dokar bindigogi ta 1959, tare da gyare-gyarenta, ta sanya libarba cikin makaman da aka haramta mallaka ba tare da izini na musamman ba.

5.0 Kammalawa

Wannan doka tana da amfani ga zaman lafiya, amma tana da illa ga tarihi, domin tsoronta kan sa magada su binne abin da suka gada ko su jefar da shi, labarinsa ya bi shi. Mafita ita ce a miƙa irin waɗannan kaya ta hannun hukuma zuwa gidajen tarihi, bayan an rubuta ƙirarsu da hatiminsu da sunan da ake kiran su da shi da ruwayar gidan da suka fito. Aiki na ƙarshen nan na masana harshe ne, kuma yana bukatar gaggawa, domin dattawan da suka ji labarin Bormi daga bakin kakanninsu suna ƙarewa.