Tarihin Koyar da Turanci a Ƙasar Gumel: Daga Nahawun Zaure Zuwa Nahawun Aji

Kafin a shiga tarihin Turanci a makarantun ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya kamata a lura da kalmomin da malamin Turanci yake kamawa idan ya juya harshe don ya fahimtar da ɗalibansa. Zai ce nahawu, ya ce aya, ya ce waƙafi, ya ce adabi. Ko ɗaya daga cikinsu ba Bature ne ya zo da ita ba. Daga Larabci suka shigo ta hanyar tsangaya da zaure, inda almajiri yake sanin waƙafi a karatun Alƙur'ani, sa'an nan in ya yi nisa ya ɗauki Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik. Gumel kuwa ta daɗe tana hulɗa da Barno, cibiyar karatun Alƙur'ani. Ashe ke nan Turanci ya tarar da mutane waɗanda suka riga suka san cewa harshe yana da ƙa'ida.

Gumel ta shiga hannun Turawan Ingila a 1903, aka sa ta cikin Lardin Kano. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bi ta arewacin Maigatari, ta bar Tumbi, tsohon mazaunin sarautar, a ɓangaren Faransa. Daga nan 'yan'uwa masu harshe ɗaya suka rabu a aji, na kudu suka fuskanci nahawun Turanci, na arewa na Faransanci, ko da yake har yau Hausa ce take haɗa su a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Amma Turanci bai shigo aji nan da nan ba. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausar boko aka fara koyarwa a cikinta, kuma a kan wannan tafarki makarantun elementare na En'e suka tafi. Yaro sai ya iya karatu da rubutu da lissafi da harshensa, in ya yi ƙwazo a tura shi Midil, can ne zai gamu da Turanci sosai. Ƙololuwar tsarin ita ce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Ta yi suna wajen gyara lafazi, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda Turancinsa ya burge Turawa su kansu. Tsarin yana da inganci, sai dai ƙofarsa ƙunci gare ta, domin yara ƙalilan ne suke kaiwa can daga ƙaramar masarauta kamar Gumel.

A wannan zamani ne alamomin rubutu suka zauna a Hausa. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, sa'an nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A waɗannan ne yaro yake fara ganin aikin alamomin tun kafin ya sadu da su a Turanci. Alal misali, "Ya biya haraji." da "Ya biya haraji?" kalmominsu ɗaya ne. A baki murya ce take raba su, a takarda kuwa sai alama. Magatakardan da ya yi sakaci da ita ya mai da tambaya shaida.

Babban canji ya zo a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa, kuma aka kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai a Gumel, wadda a yau ita ce Kwalejin Ilmi ta Jihar Jigawa. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, amma yawan yara ya rinjayi yawan ƙwararrun malamai. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa, daga baya a koma Turanci. Wurin wannan komawa ne yara da yawa suke tuntuɓe, domin sai a haddace musu ƙa'idodi ba tare da an nuna musu inda harsunan biyu suka saɓa ba. A Hausa wakilin suna ne yake ɗauke da lokaci: ya karanta, zai karanta. A Turanci kuwa sau da yawa aikatau ne da kansa yake canza kama. Hausa tana raba kai da ke, Turanci ya haɗe su a kalma ɗaya. Yaron da aka buɗe wa wannan ya huta da rabin wahalar.

Haka abin yake a nazarin adabi. Ɗalibin da ya iya fitar da jigo da salo a Magana Jari Ce ba zai ruɗe ba in aka ba shi Shakespeare ko Chinua Achebe, balle ma Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu a 1971.

Har yanzu muhawarar ba ta mutu ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da harshen uwa duk tsawon firamare, a Nuwamban 2025 kuma ta soke wannan, ta tsayar da Turanci. Kowace manufa aka bi, ɗalibin Gumel ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit a Turanci, ma'aikaci kuma da shi zai rubuta takardar ofis. Abin da tarihi ya nuna shi ne, waɗanda suka fi ƙwarewa a Turanci a Arewa da harshensu suka fara, a hannun malaman da suka san harsunan biyu. Samar da irin waɗannan malamai shi ne nauyin da ke kan kwalejin Gumel da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomin nan huɗu.