Malam Abdu Mumuni, Mutumin da Ya Sa Rana Aiki

Ya kai mai karatu, ka san bakin rijiya da bazara a ƙasar Gamu. Tun asuba ake ɗaura igiya ga takarkari ko raƙumi, yaro ya kora shi, wasaki ya fito, a zuba cikin kwami, a sake komawa. Wanda ba shi da dabba, da hannu zai ja. Guga ba ya fitowa sai da ƙarfi. To, ga labarin wani malami da ya nemi wannan ƙarfi wurin rana.

Sunansa Abdu Mumuni Jofo. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi lakkal a Damagaram da Yamai, ya wuce Senegal, daga can sai Faransa. Abin da ya karanta shi ne ilimin ƙarfi da motsi da zafi: me ke sa abu ya motsa, me ke tsai da shi. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa a wannan fanni. Ya koyar a Dakar da Konakiri. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da mutane cikin harsunansu. Kai da ke karanta wannan da Hausa, ka ga maganar ta shafe ka.

Ya yi aikin rana a Bamako, sannan a 1969 ya komo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar aiki da ƙarfin rana a Yamai. Can shi da mutanensa suka ƙera tukunyar dafuwa mai madubi wadda ba ta cin itace, da abin ɗumama ruwa. Amma wanda ya fi ba da wuya shi ne inji.

Ga yadda irin wannan inji ke aiki. Ka taɓa ganin marfin tukunya yana rawa in ruwa ya tafasa? Tururi ne ke ɗaga shi. To, sai a tara zafin rana, a tafasa wani ruwa na musamman wanda ke saurin tafasa fiye da ruwan sha. Tururinsa ya shiga bututu, ya tura wani ƙarfe mai kai da kawowa kamar taɓarya cikin turmi. Ƙarfen ya juya ƙafa, ƙafar ta motsa famfo. Daga nan a sanyaya tururin, ya koma ruwa, a sake tafasa shi. Ba gazuwal, ba dusa, ba harawa. Kuma lokacin da rana ta fi ƙuna, lokacin da dabba ke neman inuwa, a nan injin ya fi ƙarfi.

Bai bar koyarwa ba. Yana shiga aji a jami'ar Yamai, kuma ya shugabance ta daga 1979 zuwa 1982.

Sai dai gaskiya, injin tururin bai bazu cikin karkara ba. Yana da tsada, ƙarafansa masu motsi suna da yawa, in ɗaya ya lalace sai an nemo gwani daga birni. Abin da ya yi nasara daga baya shi ne faifan sola, wanda ke mai da hasken rana wutar lantarki kai tsaye, babu abin da ke juyawa cikinsa. Da kuɗinsa ya sauka, shi aka riƙa ɗora wa famfunan ƙauyuka. A ganina hanya ce ta sake, amma tambayar tasa ce.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.