Cutar Noma da Mafarin Kula da Bakin Naƙasassu a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A wasu ƙasashe, kula da haƙoran naƙasassu fanni ne mai zaman kansa. An kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki a 1971, Burazil ta amince da shi a matsayin ƙwarewa ta musamman a 2001, Ingila kuma a 2008. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙasar Hausa abin ya biyo wata hanya dabam. A can, naƙasa ce take wahalar da aikin likitan haƙori. A nan kuwa, ciwon baki ne ya haifar da naƙasa, har ya tilasta aka gina masa asibiti.

2.0 Kafin Zuwan Asibiti

Tun asali, wanzami shi ne likitan bakin Bahaushe. Shi yake cire haƙori, shi yake yanke beli, kuma yakan bi fatake da mahauta duk inda suka yi zango. Tsabtar yau da kullum kuwa ta dogara ne ga asuwaki da gawayi. Sai dai asuwaki yana bukatar yatsu, ga shi kuwa kuturu ya rasa su. Al'umma ta yi wa naƙasassu sarautu, kamar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, amma waɗannan sun fi kula da sadaka da sasanci, ba magani ba.

Likitancin haƙori na zamani ma daga Kudu ya kafu. Jami'ar Legas ce ta fara horar da likitocin haƙori a 1966. Makarantar tarayya ta masu ƙera haƙoran roba, wadda aka buɗe a Legas a 1955, Inugu aka mayar da ita a 1982. Ke nan a wancan lokaci Bahaushen da ke zaune a unguwar Hausawa ta Inugu ko Anaca ko Fatakwal ya fi ɗan'uwansa na ƙauyen Sakkwato kusa da masu wannan ilimi, ko da yake kusanci dabam, samun shiga dabam.

3.0 Noma

Noma cuta ce da ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, galibi bayan ƙyanda ko zazzabin cizon sauro sun raunana yaron da yunwa ta riga ta ci ƙarfinsa. Cikin 'yan kwanaki sai naman kunci ko leɓe ya ruɓe ya zube, wani lokaci har da ƙashi. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ne suke kamuwa kowace shekara, kuma kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba sukan mutu. Abin takaici shi ne, a matakin farko maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Turai ta rabu da ita ne da abinci ya wadata, sai da ta sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wanda ya tsira yakan tashi da rami a fuska, yawu yana zuba, magana ba ta fita sosai. Mafi muni, tabon yakan ɗaure muƙamuƙi har baki ya kasa buɗuwa, sai a riƙa ɗura masa kunu ta wata 'yar kafa. Irin wannan baki burushi ba ya shiga cikinsa, balle kayan aikin likita. Ko sumar da shi za a yi don tiyata, galibi sai an zura bututun numfashi ta hanci da na'ura mai nuna hanya. Bayan aiki kuma sai ya yi watanni yana motsa muƙamuƙin, in ba haka ba ya sake ƙagewa. A ganina, wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da ƙwarewa ta musamman, ko da ba a laƙaba masa sunan ba.

A 1966 likita Michael Tempest ya wallafa nazari kan masu cutar 250 da aka gani a Ibadan. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ta fara aiki a Damagaram a farkon shekarun 1990. A Sakkwato, likitocin Jamus da Holan sun fara zuwa tiyata a 1996, sannan aka buɗe Asibitin Yara na Noma a 1999. Ƙungiyar MSF ta fara tallafa masa a 2014. Nijeriya ce ta jagoranci neman a saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a Disamba 2023.

4.0 Matsalar Suna da Harshe

A nan manazarcin harshe yana da ta cewa. Kalmar noma daga Girkanci take, mai ma'anar cinyewa, amma a kunnen Bahaushe aikin gona ce. Iyaye kan kira cutar ciwon daji ko ciwon iska. Wanda ya ce daji ya riga ya fid da rai, wanda ya ce iska kuwa wurin boka zai nufa, kwanakin da magani zai yi amfani su wuce.

Haka matsalar take ga sauran naƙasassu. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati su tanadi hanyar sadarwa ga marasa ji ko magana. Amma kurman Kano da maganar hannu ya tashi, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a littafinta na 2000, alhali tafintocin da makarantu suke yayewa salon da ya samo tushe daga Amurka suka koya. Idan kurman ya zauna a kujerar likita a Inugu da ciwon haƙori, tafintan da doka ta tanada yana iya tsayawa gabansa ba su fahimci juna ba.