Mazubin Nikel

Mazubin nikel wani siririn ɓawo ne na ƙarfen nikel da masana'antu ke zuba roba a ciki idan ana son fuskar kaya ta fito ba tabo. Ba a sassaƙa shi, tsiro yake yi. Ana tsoma samfurin abin da ake so cikin ruwan gishirin nikel, a saki wutar lantarki, sai ƙarfen ya riƙa kwantawa a jikinsa sannu a hankali, wani lokaci har makonni, kafin kaurinsa ya kai 'yan milimita. Da an ɓamɓare shi, ya kwafi kowane zane, har ƙananan ramukan fata. Da irinsa ake yin rufin dashbod ɗin motoci mai kama da fata, da faifan garmaho da na CD.

Asalin dabarar na Moritz von Jacobi ne, a Rasha, a 1838.

Akwai hanya mafi sauri: iskar nikel kabonil da Ludwig Mond ya gano a 1890, wadda ke ajiye ƙarfen a kan samfuri mai zafi. Sai dai iskar guba ce mai kisa, shi ya sa kamfanoni kaɗan ne ke aiki da ita.