Lugu, garin Sarauniya: fim ya ɗaukaka shi, kyamara ba ta je ba

A watan Fabrairun 1987, a bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu, babbar kyauta ta tafi ga wani fim mai suna Sarraounia. Wanda ya shirya shi, Med Hondo, ɗan Muritaniya ne mazaunin Faransa. Wadda ta fito a matsayin Sarauniya, Aï Keïta, 'yar Burkina Faso ce, kiɗan kuma na Pierre Akendengué ne, mutumin Gabon. Labarin ne kaɗai namu. Na ƙasar Arawa ne, wadda iyaka ta tsaga biyu, wasu a Dogon Dutsi da Matankari cikin Nijar, wasu a Kangiwa cikin masarautar Argungu.

A wasu ƙasashen, da zarar fim ya yi suna, ƙauyen da aka ɗauke shi ya samu sana'a. Har gobe 'yan yawon buɗe ido na tururuwa zuwa Matmata a Tunisiya don su ga gidajen cikin rami da aka nuna a Star Wars na 1977, haka nan Ait Ben Haddu a Maroko, inda aka ɗauki wani ɓangare na Gladiator. Mutumin Birnin Kebbi da ya kalli Sarraounia ya ce shi ma bari ya je ya ga wurin, ba sai ya hau jirgi ba, garin yana nan kusa, arewa maso gabas da Dogon Dutsi. Sai dai zai tarar da abin da bai zata ba: ko taku ɗaya masu fim ɗin ba su ɗauka a can ba.

Sunan garin Lugu. Abin da ya sa shi cikin littattafan tarihi ya faru ne ranar 16 ga Afrilun 1899. A farkon shekarar, wata rundunar Faransa ta bar bakin Kwara ta nufi Tafkin Chadi a ƙarƙashin kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran sojojin haya ne na Afirka, da ɗaruruwan 'yan dako da mata da aka kamo a hanya. Irin wannan ayari ba rijiyar ƙauye da za ta shayar da shi, ba rumbun da zai ciyar da shi, don haka duk inda suka sauka sai kwasa, sai wuta. Ɗan rakiyar da ya ɓatar da su hanya, rataya. Garuruwa da yawa sun ji labari tun daga nesa, suka watse kafin a iso.

Mutanen Lugu ba su watse ba. Masu addinin gargajiya ne, waɗanda ake kira Azna a can, kuma shugabarsu mace ce, Sarauniya Mangu. Suka tari rundunar da baka da kibiya mai dafi, da harbi ya yi tsanani suka ja cikin kurmin da ke kusa da garin, inda bindiga ba ta ganin abin harbi. Lissafin Faransawa da kansu ya nuna sun rasa mutum 4, an raunata 6. A ido ba yawa, amma rundunar ba ta taɓa yin irin wannan asara ba tun da ta taso. Suka ƙone garin suka wuce. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau jikoki ke ba da labarinsa.

A nan akwai abin da ya shafe mu 'yan Nijeriya kai tsaye. Ranar 14 ga Yunin 1898, Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a Paris, suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, alhali Ingila ba ta ci Sakkwato ba sai a 1903. Ƙonni tana cikin wannan da'ira, wato a takarda Voulet ƙasar Ingilishi ya shiga ya yi ɓarna. Sai a 1904 da 1906 aka sake jan layin don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Da ba a sake ba, wani babban yanki na wannan labari da a littafin tarihin Nijeriya yaranmu za su karanta shi. Kuma ko kafin Turawa, Arawa ba baƙi ba ne ga Kabi: tun boren Yakubu Nabame a 1849 suke sahu ɗaya da Kabawa da Zabarmawa a yaƙe-yaƙen da aka yi da Gwandu da Sakkwato, har zamanin Sarkin Kabi Sama, wanda ke kan gado a Argungu lokacin da Lugu ke cin wuta.

Takardun Faransawa ba su ba Sarauniya fiye da 'yan layuka ba, su ma na raini, a matsayin wata tsohuwa mai tsafi. Wanda ya fito da ita fili shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira, ya dawo gida ya sha kurkuku a mulkin Seyni Kountché. A 1980 ya buga littafinsa da Faransanci, kuma a cikinsa tsohuwar nan ta koma budurwa jaruma, gwanar harbi, mai fada da mayaƙa. Ƙagaggen labari ya rubuta, bai kuma ɓoye hakan ba. Yana neman gwarzuwar da 'yan Nijar za su ɗaga kai da ita, ya samo ta, ya yi mata ado.

Med Hondo ya ɗauki littafin, ya yi shekaru yana tara kuɗi, aka shirya ɗaukar fim a Nijar. Ana dab da farawa sai hukumomin Yamai suka janye hannu. Thomas Sankara ne ya buɗe masa ƙofa, Burkina Faso ta sa kuɗi da mutane, aka yi aikin a can, fim ya fito a 1986. Sakamakon wannan ƙaura yana nan a kunnen duk Bahaushen da ya kalla: Sarauniyar Lugu ta buɗe baki, sai ka ji Julanci. Sunaye na Hausa, sarautu na Hausa, magana kuwa sai ka bi rubutun ƙasan allo. A Faransa fim ɗin bai daɗe a gidajen sinima ba. Sankara kuma, wata takwas bayan kyautar FESPACO, aka kashe shi ranar 15 ga Oktoban 1987.

Ni a ganina fim ne mai kyau ƙwarai, musamman yadda ya nuna Voulet yana haukacewa a hankali, da yadda sojojinsa baƙaƙe ke kallonsa suna auna ranarsa. Inda nake ja da shi shi ne wurin sarakunan Musulmi, waɗanda ya kwaso a dunƙule ya sa su gefen masu jan ƙafa da ƙin jinin Azna. Ƙonni fa garin Musulmi ne, kuma ƙin buɗe ƙofa ne ya jawo mata abin da ya same ta.

To me mai ziyara zai gani a Lugu? Ba ganuwa, ba fada mai soraye. Ƙaramin ƙauye ne na ɗakunan ƙasa da na ciyawa, wanda bai sake komawa girmansa na da ba. Amma sarautar ba ta mutu ba. Har yanzu akwai Sarauniya, kuma rayuwarta kishiyar ta fim ce: tana zaune a ɗakinta cikin fararen kaya, ba ta yawo, tana kaɗin auduga da mazari, masu neman ruwan sama ko haihuwa ko sauƙin wata damuwa su zo su durƙusa a gabanta. Ba a gadon kujerar kai tsaye daga uwa zuwa 'ya. In Sarauniya ta rasu sai a yi tarkama: a ɗauki gawar a kan makara, masu ɗauka su bi inda ta ja su, macen da ta tsaya a kanta ita ce magajiya. A dajin da ke kusa akwai Tunguma, dutsen shari'a, wanda masu bin al'adar ke kai wa ƙarar sata da rikici, suna cewa motsinsa ne ke ba da amsa. Labarin kaka da kakanni ya ce shi ya jagoranci Sarauniya ta farko daga Daura har wurin. Malamanmu ba za su yi na'am da wannan ba, kuma yawancin Arawa yau Musulmi ne. Amma wanda yake son ya gane dalilin da ya sa manoma masu baka suka tsaya gaban bindiga don wata tsohuwa, amsar tana ɗakin nan, ba a fagen daga na fim ba.

A Yamai kuwa Sarauniyar Mamani da Hondo ce ta yi nasara. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, kuma gwamnatin sojan da ta zo a 2023 ta ƙirƙiro lambar yabo da sunan Sarauniya Mangu. Hanyar zuwa ƙauyen nata dai ba ta da kwalta, ga matsalar tsaro a bakin iyaka da ta sa ko ɗan kasuwar Kangiwa sai ya yi tambaya kafin ya ƙetara.

Kyamara ta bi sawun Voulet daga baya, a wani fim na gaskiya mai suna African Apocalypse da ya fito a 2020, wanda ya zauna da jikokin waɗanda abin ya shafa suna magana da Hausarsu. Hanyar da ya bi ita ce babban titin Yamai zuwa Damagaram, kuma mai son ya ga ƙarshen labarin sai ya bi ta har kusa da Tasawa. A Dankori, ranar 14 ga Yulin 1899, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Paris ta aiko ya karɓe rundunar bayan wasiƙar wani hafsa ta tona asirin ta'asar. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu biyu suna Maijirgi, a gefen titin.