Me ya sa homa da gora kawai a Matan Fada?

Ka taɓa lura cewa masuntan bikin Argungu ba sa shiga ruwa da mashi ko ƙugiya? Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Homa da gora ne kayan gasar. Ka duba mana: dubban mutane cikin ruwa mai laka, ai mashi ba zai bambance giwan ruwa da ƙafar mutum ba. Sauran shekara kuma akan hana kamun kifi a wurin, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, don kifi ya hayayyafa ya girma. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya.